Kiɗan da na bi har Paris

Ina aji biyu a kwalej a Damagaram na fara jin sa. Malaminmu na Faransanci Bature ne, dogo, mai yawan gumi, kuma ranar ƙarshe kafin hutu ba ya koyar da komai. Sai ya zo da rikoda ya aza a kan tebur, ya sa kaset, ya koma bakin taga ya harɗe hannu yana kallon waje. Abin da ke fitowa daga rikodar ba ganga a cikinsa, ba kalangu, ba tafi. Wata murya ce kamar algaitar da aka tausasa, tana karkarwa kamar mai jin ɗari, tana juyi uku-uku. 'Yan ajinmu suna ta ƙunshe dariya. Ni kuwa fuskar malamin nake kallo, don ban taɓa ganin babban mutum ya yi shiru irin wannan saboda kiɗa ba. Da kaset ɗin ya ƙare ya ce mana sunan abin akodiyon, kuma idan muna son sanin yadda Paris take, to mun ji ta.

Sai a watan Yunin 2019, bayan shekara talatin da ɗoriya, Allah ya kai ni garin. Horon malamai na mako biyu ne ya kai ni, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla. Daga Yamai jirgi bai cika awa shida ba. Na sauka wurin Kawu, ƙanen Inna, wanda ya shekara 31 a Faransa yana gadin dare. Ɗakinsa na hawa na shida a wani tsohon bene kusa da Château Rouge, kuma matakala ake bi da ƙafa.

Mako guda cur ban ji akodiyon ba ko sau ɗaya. Unguwar Kawu kuwa ba ta rasa kiɗa. A kasuwar titin Dejean, tsakanin masu kifi banda da kuɓewa da manja, kiɗan Kwango ne ke tashi daga shagon aski, na Abijan daga shagon atamfa. In ka gangara Barbès sai waƙoƙin Aljeriya su tare ka. Samari a cikin motoci kuma rap ɗinsu suke ji da Faransancin da ni malamin Faransanci ba na kama rabinsa. Da na gaya wa Kawu abin da nake nema, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, wannan ai kiɗan tsofaffi ne da 'yan yawon buɗe ido. Kiɗan da ba ganga, ina daɗinsa?"

Ranar Alhamis da yamma, a layi na 2 na metro, wurin da jirgin ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada tsakanin Barbès da Jaurès, wani dattijo ya shigo da abin rataye a ƙirji. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya ware ƙafafu don kada jirgi ya kayar da shi, ya buɗe hannuwa, abin ya ja numfashi. Tsigar jikina ta tashi. Shi ne, har da karkarwar nan. Rufin gidaje masu launin toka suna wucewa ta taga, rana ta yi ja a jikin tukwanen hayaƙi, ni kuma ina zaune a aji biyu a Damagaram. Mutanen cikin jirgin ko ɗaga kai ba su yi ba. Da ya zagayo da ɗan kofin roba na saka masa yuro biyu, wato jaka guda da 'yan kai a kuɗinmu, na tambaye shi ko ɗan wace unguwa ne a Paris. Ya yi murmushi, haƙorin zinariya ya bayyana, ya ce da gurɓatacciyar Faransanci shi daga Romaniya ya zo. Ya sauka a tasha ta gaba da sauri, don masu kiɗa a cikin tarago ba su da izini. Masu izini su ne waɗanda hukumar sufurin birnin ke yi wa gwaji ta ba su kati, su kusan 300, kuma a hanyoyin cikin tasha kawai suke tsayawa.

Na kwana ina juya abin. Muryar Paris da na riƙe a kai tun ina yaro, ga shi baƙo ne ya fara jiyar da ni ita a Paris ɗin. A lokacin na ɗauka wani rashin sa'a ne. Kwana uku da suka biyo baya suka nuna mini haka abin yake tun asalinsa.

Washegari Juma'a ce, 21 ga Yuni, ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, kuma ranar bikin kiɗa na ƙasa baki ɗaya. Tun 1982, zamanin da Jack Lang yake ministan al'adu, aka ware wannan rana: duk mai abin kiɗa ya fito titi ya kaɗa, ba tikiti, ba kuɗin shiga. Na yi Juma'a a babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, mai koren rufi da hasumiya irin ta ƙasashen Magrib. Daga nan na taka da ƙafa na haye kogin Seine. Daga kan gada ana hango bayan majami'ar Notre-Dame, ba rufi, ba tsinin nan nata, sai ƙarafan gini, wata biyu ke nan da gobarar 15 ga Afrilu. Ban daɗe a wurin ba. Bastille na nufa, wurin wani ɗan lungu da ake kira Rue de Lappe.

Lungun bai kai a kira shi titi ba. Daɓen duwatsu ne, mota ɗaya ma da ƙyar, shaguna a jere kamar haƙoran mataji. A nan aka haifi kiɗan da nake nema, wanda suke kira musette, kuma labarin haihuwarsa duk wanda ya san ci-rani zai gane shi.

A tsakiyar Faransa akwai wani yanki mai duwatsu da tsananin sanyi, Auvergne. A ƙarni na 19 ƙasar ba ta ciyar da mutanenta, sai samari suka riƙa kwararowa Paris. Sana'arsu ta farko ga-ruwa ce. Su ɗebo ruwa a bokiti biyu, su saɓa a kafaɗa, su hau benaye irin na Kawu suna sayarwa. Da aka ja famfo zuwa gidaje sana'ar ta mutu, sai suka koma sayar da gawayi da itacen wuta, da giya a gefen shagon. Wanda ya riga zuwa ya sauki na baya, ɗan gari ya ɗauki ɗan garinsu aiki, kamar yadda zango yake a ko'ina. Ranar hutu kuma su taru a bayan shago su yi rawar garinsu. Abin busarsu shi ake kira cabrette, wato 'yar akuya, don da fatar akuya ake yin sa.

Na gan shi da idona a wannan yammacin, a wani ɗan fili kusa da lungun. Wasu dattawa maza da mata, jikokin waɗancan 'yan ga-ruwa, sun fito da baƙaƙen huluna masu faɗi. Mai busar ya matse wata salka a hammatar hagu, a hammatar dama kuma ɗan ƙaramin zugazugi yake dannawa yana cika salkar da iska, yatsunsa na kan sarewar da ke manne da ita. Bakinsa ba ya taɓa komai. Ƙafafunsa biyu ne gangarsa, yana buga su a ƙasa yana zaune. Ƙarar siririya ce mai kaifi, 'yar'uwar algaita sak. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna ɗaukar ruwa, da salka suke kiɗa. Na daɗe tsaye a wurin.

A ƙarshen ƙarnin ne wasu baƙin suka sauka a unguwannin nan, Italiyawa, magina da leburori, da nasu abin kiɗan. Akodiyon ba ɗan Faransa ba ne, a Vienna aka fara yi masa rajista a 1829. Mutanen Auvergne suka ƙi shi ƙememe, don ya fi salkarsu ƙara, ya fi ta yawan muryoyi, kuma yana neman ƙwace musu abinci. An yi ta tsama har zuwa farkon ƙarni na 20, lokacin da wani gwanin cabrette mai gidan rawa a wannan lungu, Antoine Bouscatel, ya yarda wani saurayi ɗan Italiyawa, Charles Péguri, ya hau dandali su yi kiɗa tare. Daga baya ma saurayin ya auri 'yarsa. A hankali akodiyon ya ture salkar gaba ɗaya, amma sunan bai tafi ba: musette tun asali sunan abin busa ne mai salka. Baƙo ya gaji gidan, ya kuma gaji sunan mai gidan.

A shekarun 1930 gidajen rawa fiye da goma ne a wannan ɗan lungu. Wanda ya fi suna, Balajo, an buɗe shi a 1936 kuma yana nan har lokacin da na je. Tsarinsu ya ba ni sha'awa. Ba liƙi ake yi wa makaɗi ba kamar a wurinmu. Kowace rawa da kuɗinta: mutum ya sayi wasu 'yan ƙarafa kamar kwabbai a bakin kanta, ana tsakiyar rawa sai a dakata, mai gida ya zagaya da jaka yana karɓa, sannan a ci gaba. Ma'aikacin da ya wuni yana ɗaukar gawayi ya san rawa nawa aljihunsa zai iya a daren.

Ban shiga ba. Lungun yanzu mashaya ce ta matasa, kuma a daren nan ba masaka tsinke, kowace ƙofa da lasifikarta. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma. Na koma gida na yi magariba a lokacin da a Damagaram an yi nisa da barci.

Asabar da safe na bi ta Belleville. A gida mai lamba 72 a titin Belleville akwai allon dutse da ke cewa a kan matakalar nan aka haifi shahararriyar mawaƙiya Édith Piaf a watan Disambar 1915, cikin tsananin talauci. Takardar haihuwarta ta ce a asibitin Tenon ne, amma talaucin gaskiya ne. A Italiya aka haifi mahaifiyarta, kakarta ta wajen uwa kuma tana da jinin Maroko. A titi take waƙa ana jefa mata kwabbai kafin wani mai gidan rawa ya tsince ta a 1935. Tsayinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, shi ya sa aka laƙaba mata Piaf, wato gwara a bakin 'yan Paris. Ina tsaye a wurin na fara lissafa sauran muryoyin da duniya ke ji ta ce ga Faransa. Charles Aznavour ɗan Armeniyawa ne masu gudun hijira. Yves Montand a Italiya aka haife shi. Dalida a Alƙahira. Jacques Brel ɗan Beljiyam ne. A gaban gidan kuwa, a yau, shagunan Sinawa ne da na 'yan Tunisiya.

Da azahar na isa Saint-Ouen, a arewacin birnin, inda kasuwar gwanjo take, wadda suke kira kasuwar ƙuma. A can cikin wani lungu na tarar da rumfar wani tsoho mai gyaran kayan kiɗa, akodiyon a jere a kan kanta, ja da baƙi da fari, wasu maɓallansu sun yi rawaya don tsufa. Na gaya masa ba saye zan yi ba, tambaya ce da ni: me ke sa muryar nan karkarwa? Wannan ita ce tambayar da na zo da ita tun daga aji biyu.

Bai amsa da baki ba. Ya zare wasu 'yan ƙusoshi, ya raba abin biyu. Tsakiyarsa zugazugi ne, na kwali da ƙyalle da fata a kusurwoyi, aikinsa ɗaya da na maƙera. A cikin katakon gefe kuma ga 'yan harsunan ƙarfe a jere, ɗaruruwa, an liƙe mazauninsu da kakin zuma, kowanne da 'yar fatar da ke rufe masa iska. In ka danna maɓalli iska ta bi ta kan harshe, sai ya yi ƙara. Sirrin musette shi ne, kowace murya harsuna uku ne ke fitar da ita a lokaci guda. Ɗaya an daidaita shi cif. Na biyu an ɗaga shi sama kaɗan, na uku an sauke shi ƙasa kaɗan, da gangan, da 'yar zarto. Su ukun ba su taɓa haɗuwa daidai ba, kullum suna gogar juna, kuma wannan gogayyar ce kunne ke ji kamar kuka. Ya toshe biyu ya danna: murya ta fito a miƙe, a bushe, kamar ta majami'a. Ya sake su: sai ga Paris. Ya ce a gidan rawa mai hayaniya, zamanin da ba lasifika, irin wannan muryar ce ke ratsa taro ta kai bango.

Na tuna goge. Tsagiyar dokin da ke jikinsa gashi ne da yawa, ba guda ba, kuma wannan 'yar dishewar da ke fita daga gare su ita ce ke kama zuciya. Na gaya wa tsohon haka, na kwatanta masa da hannu. Ya saurara da kyau, ya tambaye ni da me ake shafa wa tsagiyar, na ce ƙaro, ya gyaɗa kai ya ce su ma haka.

Shi ne ya nuna mini hanyar La Chope des Puces, a titin Rosiers, 'yar ƙaramar mashaya da ake kiɗa duk Asabar da Lahadi da rana. Na karɓi kofi na raɓe a bango. Maza uku ne da jita a kan kujeru, ba dandali, gwiwa na taɓa gwiwa. Biyu suna sara igiyoyin a tare, gajere-gajere, cak, cak, cak, abin da suke kira famfo, kuma shi ne ke tsaya musu a madadin ganga. Na ukun kuma yatsunsa ke gudu a kai. Wannan kiɗan Manush ne, wani reshe na ƙabilar Roma (ba 'yan birnin Roma ba), masu yawo da gidajensu a kan keken doki, waɗanda suka daɗe suna yada zango a bayan ganuwar Paris. Hoton Django Reinhardt, gwanin jitar Manush, ne a bango. An haife shi a Beljiyam a 1910, kuma tun yana yaro yake kaɗa banjo a bayan masu akodiyon a gidajen musette. A 1928, yana ɗan shekara 18, kyandir ya faɗa kan furannin roba da matarsa ke yi na sayarwa, wuta ta cinye keken da suke kwana a ciki. Yatsu biyu na hannunsa na hagu suka shanye. Da biyun da suka rage ya sake koyon jita daga farko, ya ƙago salon da har yau masu yatsu lafiyayyu ke fama su kamo. A 1934 suka kafa ƙungiya da mai goge Stéphane Grappelli, wanda ubansa Ba'italiye ne. Awa biyu na yi a tsaye ban ji gajiya ba. A ganina, cikin duk abin da na ji a tafiyar nan, wannan ne ya fi rai, don ba don baƙi suke yi ba. Junansu suke kallo, ɗaya ya jefa, ɗaya ya cafe.

Lahadi Kawu ba ya aiki. Na matsa masa ya raka ni bakin kogin Marne, a Joinville-le-Pont, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a jirgin RER A. Shekara 31 yana garin bai taɓa zuwa ba. A jirgi na ba shi labarin 'yan ga-ruwan Auvergne da salkarsu. Ya yi shiru har muka wuce Vincennes, sannan ya ce, "Ashe su ma benen suka hau." Can kuma ya ƙara da cewa, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ɗana. Sai dai abin da ka riƙo a kunne."

Wuraren da ke bakin kogin ana kiran su guinguette. Asalinsu haraji ne: duk giyar da za ta shiga Paris sai an biya mata kuɗin ƙofa, don haka masu sayarwa suka kafa rumfuna a bayan gari inda ta fi araha, talakawa suka riƙa fita can ranar Lahadi. Da jirgin ƙasa ya zo sai suka miƙa har bakin Marne. Mun zauna a ƙarƙashin itatuwa, tebur da shimfiɗa mai gidan dara ja da fari, muka sa aka kawo mana soyayyun ƙananan kifi da lemo. Kwale-kwale na wucewa. A ciki mai akodiyon na zaune, mace ce ma, matashiya, ga mai ganga a gefenta yana shafa fatar da wani abu kamar tsintsiya.

Masu rawar kusan duk sun haura saba'in. Sun yi ado sosai, mazan da takalma masu sheƙi, matan da jan baki. Rawar valse ta musette ba irin ta fadar sarakuna ba ce mai faɗin taku. Ƙanana-ƙananan taku ne, a matse, ana juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa, don a gidajen da aka ƙago ta ba fili. Akwai wasu tsofaffi biyu da na kasa ɗauke ido daga kansu. Mijin hannunsa na rawa, matar ce ke riƙe da shi, amma da zarar kiɗa ya tashi ƙafafunsa ba sa kuskure ko ɗaya. Idonsu a rufe. Wata tsohuwa a teburin kusa da mu ta ce mana ubanta magini ne daga Fotugal, a nan ya haɗu da uwarta, ita kuma duk Lahadin bazara sai ta zo.

Na waiga zan yi wa Kawu magana, sai na ga ya tura hularsa baya, ya bar kifin yana hucewa. A ƙarƙashin tebur takalminsa na taɓa ƙasa, ɗaya mai nauyi, biyu marasa nauyi. Ban ce masa komai ba. Mun zauna har la'asar ta kusa fita, muka nemi gefen ciyawa a bakin ruwa muka yi salla, kiɗan na iso mu daga nesa.

Kafin in taso na sayi faifai guda a wurin tsohon nan na Saint-Ouen, tsofaffin kiɗan musette na shekarun 1930, har da ƙarar allura a ciki. Da na koma Damagaram, bayan an gama rabon tsaraba an watse, na sa shi a tsakar gida da daddare. Inna na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta saurara har na farko ya ƙare, hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

Ta ce, "Kawunka yana jin irin wannan a can?"

Na ce, "Sau ɗaya ya ji, Inna, muna tare. Har yana buga ƙafa."

Ta ɗan jima ba ta ce komai ba. Sannan ta jawo ƙwaryar kusa, ta ce in mayar da shi daga farko.